Yadda Za Ka Ga Likita a Legas Ka Fito da Sanin Ciwonka

Koke ɗaya ne ke ta maimaituwa a bakin mutanenmu na Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago, kuma a kansa aka fi yi mini tambaya. Mutum ya je asibiti sau uku, sau huɗu, kowane zuwa a ce maleriya ce da taifot, a cika masa leda da magani, ya sha ya ƙare, ciwo na nan daram. Wani ya ce likita ko ɗago kai bai yi ya dube shi ba, yana magana ana rubutu, kafin ya kai ƙarshen zancensa an miƙo masa takarda an kira na gaba. Wasu har sun fara haɗa kuɗin mota su tafi Kano ko Zariya a duba su a can.

Gaskiya ne likitoci sun yi ƙaranci. Da yawa sun fice ƙasashen waje, wanda ya rage kuma yana ganin mutanen da suka fi ƙarfinsa a wuni guda. Wannan ba abin da ni da kai za mu gyara ba ne. Abin da ke hannunka shi ne 'yan mintocin da za ka samu a gabansa: me ka shiga da shi, me ka fito da shi. Ga yadda ake bi.

1. Raba gaggawa da ciwon da zai iya bin layi

Akwai alamomin da ba a kai su layin yankan kati. Ciwon ƙirji mai matse mutum tare da gumi da numfashi sama-sama. Baki ya karkace, ko hannu da ƙafa na gefe ɗaya su mutu, ko magana ta sarƙe farat ɗaya. Aman jini ko baƙin bayan gida. Yaro ya ƙi nono, jikinsa ya saki, ko ya fara jijjiga. Mai ciki ta ga jini, ko kai ya sare ta tana gani dishi-dishi. Waɗannan kai tsaye sashen gaggawa ake nufa da su, ko tsakar dare ne. Lambobin agaji na jihar su ne 112 da 767, kuma kiran kyauta ne, sai dai kowa ya san cunkoson garin nan. In akwai mota a kusa, a ɗauki marar lafiya a kama hanya.

Gargaɗi: in baki ya karkace, kada a tsaya hayaƙi da shafe-shafe a ɗaki. A yi addu'ar a cikin mota. Shanyewar ɓarin jiki da awa ake lissafinta, ba da kwana ba. Kuma kada a ɗura ruwa ko magani a bakin wanda ba ya cikin hayyacinsa, yana iya shaƙewa.

Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana kowane asibiti ƙin taimakon mai larurar gaggawa, kuma dokar 2017 ta wajabta karɓar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. In an ce muku babu gado, kada ku juya haka nan. Ku roƙi a ba shi taimakon farko, a kuma rubuta muku takardar turawa mai ɗauke da abin da aka gani da abin da aka yi masa.

2. Zaɓi asibiti ɗaya ka tsaya a kansa

Babban abin da ke hana a gano ciwo shi ne yawo. Yau asibitin kuɗi na bakin layi, jibi kemis, mako mai zuwa wani wurin da abokin sana'a ya yaba. Kowane likita daga farko yake farawa, kuma kowa zai fara da zaton abin da ya fi yawa. Shi ya sa kake jin amsa ɗaya a wuri huɗu. Likitan da ya buɗe fayil ya ga an ba ka maganin maleriya sau biyu ba sauƙi, shi ne zai fara tunanin wani abu daban.

Ƙaramar cibiyar lafiya ta unguwa ta isa ga zazzaɓin kwana biyu, rigakafin yara, awon ciki da awon hawan jini. Ciwon da ya wuce mako biyu ko yake tafiya yana dawowa, babban asibitin gwamnatin jiha ya kamata. Mutanen Agege suna da na Orile-Agege da na Ifako-Ijaiye. Na Mile 12 da Ketu, Gbagada ko Ikorodu. Na Alaba Rago da Ojo, na Alimosho da ke Igando. Na Apapa da Ajegunle suna da na Apapa da na Ajeromi, na Obalende kuma babban asibitin Odan da ke cikin tsibiri. Asibitocin koyarwa, wato LUTH a Idi-Araba da LASUTH a Ikeja, su ne matakin sama, kuma ganin ƙwararru a can yawanci sai da takardar turawa. Matsalar ƙashi akwai asibitin Igbobi, ta taɓin hankali akwai asibitin tarayya na Yaba, ta yara akwai asibitin Massey.

In asibitin kuɗi ka zaɓa, ba laifi, layinsu ya fi sauƙi. Amma ka duba bango ko akwai shaidar rajista da HEFAMAA, hukumar da ke sa ido a kan asibitoci a jihar, ka kuma tambayi sunan likitan da zai gan ka.

Gargaɗi: shagon magani mai benci a bayan labule inda ake ƙarin ruwa ba asibiti ba ne, ko da mai shagon ɗan garinku ne kuma yana ɗaga maka ƙafa a kan kuɗi. Ƙarin ruwa yana sa mutum ya ji daɗin jikinsa na kwana ɗaya. Ba ya gaya maka abin da ke damunka, kuma ga mai ciwon zuciya ko ƙoda yana iya zama illa.

3. Rubuta ciwonka tun a gida

Sayi ƙaramin littafi irin na 'yan makaranta, ka ware shi don wannan kaɗai. Da Hausa za ka rubuta, da boko ko da ajami, kai ne mai karantawa. In ba ka rubutu, sa wani ya rubuta maka ko ka ɗauki muryarka a waya. Abin da ake so a ciki: yaushe ya fara, ina yake, wane lokaci ya fi tashi, me ke ƙara shi, me ke rage shi, me ya canza a jikinka, me ka sha.

Dubi bambancin waɗannan biyun. Na farko ya shiga ya ce: “Likita, jikina ne duk ba daɗi, ina jin taifot ɗina ce ta tashi.” Na biyu ya buɗe littafi ya ce: “Zazzaɓi sati uku ke nan, bayan la'asar yake tasowa. Da dare ina gumi har sai na canza riga. Tari tun kafin Sallah, sau biyu na ga jini-jini a majina. Wandona ya yi mini yawa, na matse bel rami biyu. Na sha maganin maleriya sau biyu, an yi mini allura kwana uku ban san sunanta ba.” Na farkon zai fito da abin da ya roƙa. Na biyun, kowane likita mai hankali zai tura shi gwajin majina da hoton ƙirji, domin abin da ya lissafa ya yi kama da tarin fuka.

Saboda haka kada ka shiga da sunan cuta. In ka ce basir, faɗi abin da kake gani: jini ne, ja ne ko baƙi, tsiro ne, ko bayan gida ne ke ƙin fita. In kin ce sanyi, faɗi ko ruwa ne ke fita, wane launi, da wari ko ƙaiƙayi, ko zafin fitsari ne, ko ciwon mara.

Tattara duk abin da kake sha a leda ɗaya ka tafi da shi: kwalaye, fankon ƙwayoyi, haɗin da mai kemis ya ƙulla maka, jiƙo, agbo (jiƙon Yarbawa) da ake sayarwa a tasha, maganin ƙarfin maza, kayan mata. Haɗa da tsofaffin sakamakon gwaji. Rubuta kuma in akwai hawan jini, suga, sikila, asma ko ciwon hanta a danginku, da maganin da ya taɓa fito maka da ƙuraje ko kumburi.

Gargaɗi: kada ka ɓoye na gargajiya don tsoron faɗa. Faɗan minti ɗaya ne. Wasu haɗe-haɗen ana zuba musu ƙwayoyi irin su dexamethasone da diclofenac, waɗanda ke ɗaga suga da hawan jini, su ci ciki, su taɓa ƙoda. Likitan da bai san kana sha ba zai yi ta neman dalili a wani wuri.

4. Zaɓi wanda zai raka ka

Yawancin ma'aikatan asibiti a nan da Turanci ko Yarbanci ko burokin za su yi maka magana. In ba ka ji sosai, kada ka yi ta gyaɗa kai don kunya. Tafi da mai ji, amma ka zaɓa da kyau. Ana son babba mai natsuwa, wanda zai faɗi abin da ka ce daidai, ba wanda zai taƙaita zancenka na minti biyu ya ce “ya ce ba shi da lafiya” ba. Ka karanta masa littafin tun a mota.

Kada a sa ƙaramin yaro ya yi wa mahaifiyarsa tafinta a kan ciwon mara ko al'ada. Ba za ta faɗa ba, shi ma ba zai iya maimaitawa ba. Mace ta tafi da mace 'yar'uwarta. Maigida in ya raka iyalinsa, ya bar ta ta yi magana da bakinta. Ita ke jin ciwon. In ba a samu kowa ba, tambayi nas ko akwai ma'aikaci mai jin Hausa, sau da yawa ana dacewa. Sashe na 23 na waccan doka ta 2014 ya ce a yi wa majinyaci bayani da harshen da yake fahimta matuƙar hakan zai yiwu, don haka ba alfarma kake nema ba.

5. Ranar zuwa: kati, kuɗi da layi

Asibitin gwamnati daga sallar asuba ake kama hanya. Wanda ya iso ƙarfe goma sai ya ga likita bayan azahar, lokacin da likitan ya gaji, ɗakin gwaji kuma ya kusa daina karɓar jini. Litinin da washegarin hutu sun fi cika. In ana raɗe-raɗin yajin aiki, bincika kafin ka kashe kuɗin mota.

Tsarin kusan iri ɗaya ne ko'ina: ofishin kati, wurin biya, wurin nas a auna jini da zafin jiki da nauyi, sannan layin likita. Da an ba ka kati, ɗauki hotonsa a waya ka kuma rubuta lambar a bangon littafinka. In kati ya ɓace, da lambar za a zaƙulo fayil ɗinka. Kada ka yarda a buɗe maka sabo don gudun jira, tarihinka ne zai rabu biyu. Abin da nas ta auna, tambaye ta ka rubuta. Awon jini da ke kai 140/90 ko sama a lokuta daban-daban abin magana ne ko da ba shi ya kawo ka ba.

Kuɗi kashi huɗu za ka raba: na motar zuwa sau biyu ko uku, na kati da ganin likita, na gwaji, na magani. Farashi na canzawa, don haka tambayi mai karɓar kuɗi kafin a yi komai. Abin da ba ya canzawa shi ne, kati ne mafi arha, gwaji da hoto su ke cin kuɗi. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya zo da kuɗin kati kaɗai, a rubuta masa gwaji, ya ninke takardar ya sa a aljihu, shi ke nan. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, haka maganin cuta mai karya garkuwar jiki da rigakafin yara. Akwai kuma inshorar lafiya ta jihar, Ilera Eko, a ƙarƙashin hukumar LASHMA. Ga mai iyali ko mai ciwon da ake zarya a kansa tana rage nauyi ƙwarai, amma ba ranar da ka biya take fara aiki ba, kuma ba komai take ɗauka ba. Tun kana da lafiya ake yin ta.

Gargaɗi: a tagar biya kawai ake biya, a karɓi rasit. Duk wanda ya tare ka a harabar asibiti ya ce ka ba shi kuɗi zai shigar da kai da wuri, ko zai kai ka wani ɗakin gwaji mai sauƙi a waje, ka yi masa godiya ka wuce.

6. A gaban likita

Gaisuwa ɗaya ta isa. Na san tarbiyyarmu ba ta son haka, amma ina gajiya da ya iyali suna cin lokacin da babu shi. Jimlarka ta farko ta ɗauki babban abin da ya kawo ka da tsawon lokacinsa, ta biyu ta faɗi abin da aka riga aka gwada bai yi ba. Wannan ta biyun ita ke sa likita ya ajiye biro. In kana da koke biyar, fara da wanda ya fi ba ka tsoro, ba wanda ya fi sauƙin faɗa ba. Da yawa sai sun miƙe za su fita suke cewa, “Af, likita, akwai kuma wani ƙullutu a nan.” Ƙullutun nan shi ya kamata a fara da shi.

In ya tambaye ka sigari, shisha, giya, tramadol, ko hulɗa da wata mace, ba wa'azi zai yi maka ba, kuma sirrinka ne da doka ta hana shi fitarwa. In ba ka son faɗa a gaban ɗan rakiya, ce masa ya ɗan ba ku wuri.

Ka lura ko an duba jikinka. Mai ciwon ciki a kwantar da shi a taɓa cikin, mai tari a saurari ƙirjinsa, mai ƙullutu a ga ƙullutun. In ka ga ana shirin sallamarka ba a yi ba, ce cikin ladabi: “Likita, don Allah ko za ka taɓa wurin ka ji?” Da wuya a ƙi. Mace tana iya neman likita mace, in babu ta nemi nas ta tsaya a ɗakin. Hajiya, kunya ba ta hana a duba nono ko mara. Ciwon dajin mama da na bakin mahaifa in an kama su da wuri ana samun nasara a kansu, jinkiri ne ke ɓata lamarin.

Kafin ka tashi, sai ka samu amsar waɗannan, ɗan rakiya na rubutawa:

Me kake zaton yana damuna? In ba shi ba ne, me kuma zai iya zama? Wannan gwajin me ake nema da shi, kuma in kuɗina bai kai duka ba wanne zan fara? Kwana nawa ya kamata in fara jin sauƙi? Wace alama ce in na gani zan dawo ba tare da jiran ranar da aka ba ni ba?

Ta biyun ta fi duka amfani, domin tana sa likita ya faɗi abin da ke bayan ransa. Roƙe shi ya rubuta maka sunan ciwon a littafinka da manyan baƙaƙe. In ya ce bai tabbatar ba tukuna sai an yi gwaji, kada ranka ya ɓaci. A ganina wannan ya fi wanda zai ba ka suna nan take don ka tafi.

Gargaɗi: kada ka matsa sai an yi maka allura ko ƙarin ruwa. Yawancin cututtuka ƙwaya tana yi musu aikin da allura za ta yi. Kuma kada ka ɗaga murya ko ka ɗauki ma'aikaci bidiyo, daga nan zance ya bar kan ciwonka.

7. Gwaji, da batun maleriya da taifot

A nan mutanenmu suka fi asarar kuɗi. Legas ba kamar gida ba ce wajen maleriya. Binciken ƙasa na 2021 ya samu ƙwayar cutar a jinin kusan kashi 3 cikin 100 na ƙananan yaran Legas, alhali a Kebbi kusan rabinsu ne. Ma'ana, zazzaɓi a garin nan sau da yawa ba maleriya ba ce, sai dai in ba ka daɗe da dawowa daga gida ba, wanda shi ma ya kamata ka gaya wa likita. Kada ka sha maganinta sai gwaji ya nuna. In gwajin tsinke, wato na ɗigon jinin yatsa, ya ce babu, a nemi wani dalili.

Taifot kuwa, gwajin Widal da ake yi a kowane lungu ba ya tabbatar da ita shi kaɗai. Yana iya nuna lamba mai yawa a jinin wanda ya taɓa yin ciwon da daɗewa, ko mai wani zazzaɓin daban, har da mai lafiya ƙalau. Gwajin da ake dogaro da shi shi ne wanda ake ɗibar jini a raini ƙwayar cutar na 'yan kwanaki. Ya fi tsada, amma bai kai kuɗin maganin taifot zagaye huɗu ba. Taifot ta gaskiya ba ciwo ba ne da ke zaune a jikin mutum yana tashi duk wata biyu. Wanda ake yi wa maganinta a kai a kai, a duba shi da kyau: suga, ciwon hanyar fitsari, ƙarancin jini, ciwon hanta, ƙoda, tarin fuka, cuta mai karya garkuwa, har da damuwa da rashin barci, duk suna zuwa da kasala da ciwon kai da ɗumin jiki. Mai gadin da ke kwana a zaune, ya wuni yana wata sana'ar, ba taifot ke sa kansa ciwo ba.

Kowane gwaji da ƙa'idarsa, tambaya kafin ka tafi. Na suga na safe ana son awa takwas ba ci, ruwa kawai. Ba shayi, ba goro. Na fitsari, a wanke gaba, a bar na farko ya zuba, a tari na tsakiya a kwalbar da aka ba ka, a miƙa da wuri. Hoton mara da na ƙaramin ciki ana so mafitsara ta cika, na hanta da matsarmama kuma ana so ciki ba abinci. Na majina, daga ƙirji ake kakaro ta, ba yawu ba. Tarin da ya kai mako biyu, nemi wannan gwajin ko ba a ambata ba.

Gargaɗi: maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su amoxicillin da ciprofloxacin da ka sha kafin gwaji yana ɓoye cutar, sakamako ya fito fes alhali tana nan. In ka riga ka sha, faɗa.

Gargaɗi na biyu: sakamako wurin likitan da ya tura ka ake mayar da shi. Mai gwaji ba aikinsa ba ne ya rubuta magani, mai kemis ma haka. Musamman in ka ga an rubuta Staphylococcus, kada hankalinka ya tashi. Ƙwayar tana zaune a fata da hancin mutane masu lafiya da yawa, kuma takan shiga kwalbar gwaji daga fata. Masu tallar magani a motocin danfo sun mayar da ita dodon da ake tatsar mutane da shi. Ɗauki hoton kowane sakamako, asalin takardar kuma ka manna a littafi.

8. Magani

Kafin ka bar taga, sa mai ba da magani ya nuna maka kowanne: na mene ne, sau nawa, kafin abinci ko bayansa, kwana nawa. Rubuta da Hausa a jikin kwalin. In babu a asibiti, saya a babban kantin magani mai rajista, ba a tire ko a mota ba. Duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, in akwai wurin kankarewa ka kankare ka tura lambar ta saƙon waya yadda aka rubuta a kwalin, don ka tabbatar ba jabu ba ne. In ya yi tsada, tambaya ko akwai irinsa na wani kamfani, sau da yawa akwai, kuma aikinsu ɗaya.

Maganin maleriya mai artemether da lumefantrine sha shida ne a kwana uku, tare da abinci mai ɗan maiƙo ko madara. Na tarin fuka aƙalla wata shida ne, ko tari ya tsaya a wata na farko. Na hawan jini da suga ba a ajiye su don an ji sauƙi, sauƙin daga maganin yake. In azumi ya gabato, koma a gyara maka lokutan sha, kada ka gyara da kanka, musamman mai allurar suga.

Gargaɗi: ƙuraje a jiki, kumburin fuska ko leɓe, ciwo a baki da ido, ko numfashi ya yi wuya bayan shan sabon magani, dakata da shi ka koma asibiti a ranar, da kwalin a hannu.

9. In ba sauƙi: komawa da neman ƙwararre

Rashin sauƙi ba dalilin canza asibiti ba ne, dalilin komawa ne. Likita yakan fara da abin da ya fi zato, in bai yi ba ya matsa zuwa na gaba. Wanda bai koma ba, an ɗauka ya warke. Ci gaba da rubutu kullum, layi ɗaya ya isa, ka kai littafin ranar da aka ba ka. Mai yiwuwa wani likitan za ka tarar, a asibitin gwamnati haka abin yake. Kada ka damu, ce masa ya duba bayanin zuwan da ya wuce, kai ma ka karanta masa naka.

In ka koma sau biyu ko uku a kan abu ɗaya ba ci gaba, ce: “Likita, ina roƙon a tura ni wurin ƙwararre.” Tabbatar takardar ta ƙunshi sashen da aka tura ka, abin da ake zato, gwajin da aka yi da maganin da aka ba ka. Kowane sashen ƙwararru yana da ranakun da yake zama, kuma ana iya ba ka rana nan da makonni. Kai takardar da wuri ka karɓi rana, ka tambaya ko akwai gwajin da za ka yi kafin lokacin don kada zuwan farko ya tafi a banza. In jiki ya tsananta kafin ranar, sashen gaggawa za ka nufa. In an yanki tsoka an kai gwaji, sakamakon yakan ɗauki makonni. Rubuta ranar karɓa ka bi sawu da ƙafarka, ba lallai a kira ka ba.

In an ce tiyata kuma ba ta gaggawa ba ce, kana da damar jin ra'ayin wani likita. Tafi da duk takardu da hotuna don kada a sake sa ka biyan gwajin da ka riga ka yi. Haka in ka yanke shawarar komawa gida jinya, wanda ba laifi ba ne tunda can ne masu kula da kai suke: nemi rahoton likita a rubuce kafin ka hau mota. Ana biyan kuɗinsa kuma yakan ɗauki kwanaki, don haka nema tun kafin ka sayi tikiti. Mai shan maganin tarin fuka ya karɓi takardar canjin cibiya da maganin da zai kai shi.

10. In an yi maka ba daidai ba

Fara daga ciki. Nemi shugabar nas ta sashen, in bai yiwu ba ofishin shugaban asibitin. Asibitocin tarayya suna da teburin SERVICOM na karɓar koke. Rubutaccen koke ya fi na baki: rana, lokaci, sashe, lambar kati, abin da ya faru a taƙaice, da abin da kake so a yi. Riƙe kwafi, a buga maka hatimin karɓa.

In asibitin kuɗi ne, HEFAMAA ake kai wa. In sakacin likita ne da ya jawo illa ko rasa rai, hukumar kula da aikin likitoci ta ƙasa, MDCN, ita ce ke da ikon bincikensa da hukunta shi, kuma tana son koke a rubuce da rantsuwar kotu, saboda haka nemi lauya ya taimaka. Hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ita ma tana karɓar irin wannan ƙara, a ƙarƙashin kundin haƙƙin majinyata da aka ƙaddamar a 2018. In inshora ce aka ƙi karɓa ko aka caje ka kuɗin abin da ta ɗauka, kira lambar da ke jikin katinka tun kana tsaye a wurin. Wanda ba ya iya rubutu ko yake jin nauyin shiga ofis, ya nemi shugabannin ƙungiyar kasuwarsu ko fadar Sarkin Hausawan unguwarsu a haɗa shi da wanda zai raka shi, ya tafi da rasit da kati da littafin.